Abin da Ke Sa Tallan Talabijin Ya Zauna a Zuciya

*Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ɗalibanmu, ɗan unguwar Gobarau ta birnin Katsina, ya gabatar a zauren taron ɗalibai.*



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa a daren nan shi ne tallan talabijin, da abin da ke sa wani talla ya shiga kan mutum ya ƙi fita, ko da alheri ya shiga ko da sharri. Na san akwai waɗanda za su ce wannan bai kai a tara ɗaliban jami'a a kansa ba. To, ina roƙon mai wannan ra'ayi ya gwada kansa da tambaya guda. A cikinmu nan, mutum nawa ne za su iya kawo baiti biyar na waƙar da aka koya musu a aji uku na sakandare? Mutum nawa ne kuma za su iya rera waƙar tallan taliya ko ta sabulu da suka ji tun suna 'yan shekara bakwai, ba tare da tuntuɓen harshe ba? Ta farko malami ya tsaya a kanmu, muka kwana muna bita, ga shi ta gudu. Ta biyu kuwa ba wanda ya ce mu haddace, amma tana nan daram. Abin da ya iya yi mana haka, lalle ya cancanci a zauna a bincike shi.

Jama'a, talla ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Katsina tsohon birnin fatauci ne, wanda ayarin raƙuma ke sauka a cikinsa daga Agadas da biranen da ke bayan Sahara, kuma duk inda ake saye da sayarwa, akwai mai ɗaga murya ya yabi kayansa. Har yanzu, in mutum ya bi lungunan Gobarau da hantsi, zai ji mai ƙosai da mai fura da mai gyaɗa, kowace da irin jan muryarta. Uwargida tana tsakar gida, ba ta ga mai talla ba, ba ta ma rarrabe kalmomin ba tukuna, amma daga jin karin muryar ta san abin da ke tafe, har ta aiki yaro da kwano. Haka sankira yake da tasa muryar in zai yi shelar sarki, haka maroƙi yake da kirarin da zai ɗaga darajar mutum da shi. Ku duba kirarin garinmu: ta Dikko ɗakin kara. Sarki Muhammadu Dikko ya rasu tun 1944, amma 'yan kalmomin nan huɗu sun riƙe sunansa a bakin yaran da kakanninsu ma ba su gan shi ba. Ku duba kuma hasumiyar Gobarau, wadda masu tarihi ke danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Tsawonta bai wuce kamar mita 15 ba, amma duk inda aka ga hotonta, ba sai an rubuta Katsina a ƙasa ba. Ashe gajeruwar magana mai kari da tambari mai sauƙin ganewa, waɗanda kamfanoni ke kashe miliyoyi a kansu yau, kakanninmu sun san sirrinsu tun da daɗewa.

Sai dai tallan gargajiya yana da linzami. Mai talla tana tafe da kayanta a ka. Mai saye yana iya dubawa, ya taɓa, ya ɗanɗana, ya taya, har ya nemi gyara. In ƙosan ya kwana, ko an yi wa nonon algus da ruwa, an san gidan da ya fito, kuma kafin azahar duk unguwa ta ji. Bahaushe ba ya cinikin biri a sama. Abin da talabijin ya kawo sabo shi ne raba muryar da kayan. Murya tana cikin ɗakinka, kaya suna can inda ba ka sani ba, mai muryar kuwa an biya shi ne ya faɗi abin da aka rubuta masa. Wannan rabuwa ita ce gindin duk abin da zan faɗa.

Bari in ɗan taɓa tarihi a gurguje. Tallan farko da aka biya kuɗinsa bisa doka a talabijin an nuna shi ne a birnin New York na Amurka, ran 1 ga Yuli, 1941. Na agogon Bulova ne, kuɗinsa bai wuce dala 9 ba. A Nijeriya, talabijin ya fara aiki a Ibadan a 1959, sa'an nan gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, zamanin Sardauna. A 1977 aka haɗa tashoshin ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA, daga baya jihohi suka buɗe nasu, a 1992 kuma aka ba 'yan kasuwa izinin kafa tashoshi. Tashar Arewa24 mai watsa shirye-shiryenta da Hausa ta fara a 2014. Yau kuwa talla ya tsallako daga akwatin ya shigo wayar da ke aljihun kowannenmu.

To, me ke sa talla ya zauna? A ganina abubuwa huɗu ne.

Na farko shi ne kiɗa da karin murya. Magana zalla tana shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, amma in aka ɗora ta a kan kari, sai kowace gaɓa ta jawo 'yar'uwarta, kamar yadda zare ke riƙe 'ya'yan carbi. Dalilin ke nan malaman ƙasar nan suka daɗe suna zuba ilmi cikin waƙa, domin wanda bai iya karatu ba ma ya riƙe. Gwamnati ita ma ta san da haka. Lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, da waƙa da kiɗa aka isar da saƙon ƙauyuka. 'Yan siyasa kuwa ba sai an faɗa ba: a zaɓen 2015, waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara, ɗan wannan jiha tamu, sun shiga inda takardun manufofin jam'iyya ba su taɓa leƙawa ba. Mai tallan sabulu wannan tsohon makami ya ara, ya gajarta shi zuwa sakan 30.

Na biyu shi ne maimaici. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne tun a ranar farko, amma in ana bitarsa jefi-jefi, sai mantuwa ta yi ta raguwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba da an gaya masa ba. Sai dai maimaici yana da wani aiki da ya wuce tuni. A 1968 Robert Zajonc ya yi gwaji a Amurka, ya riƙa nuna wa mutane kalmomin da ba su da ma'ana da hotunan fuskokin da ba su sani ba, sai ya tarar abin da aka fi nuna musu shi suka fi so, alhali ba abin da ya ƙaru da shi sai sabo. A 1977 kuma wasu masana uku suka karanta wa ɗalibai jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, har sau uku, mako biyu tsakani. Maganganun da aka maimaita, ɗaliban suka riƙa ƙara yarda da su, ko da na ƙarya ne. 'Yan'uwa, ɗaliban jami'a ne fa irinmu. Watau zuciya takan ɗauki abin da ta saba ji a matsayin abin da ta tabbatar.

In kuna son shaidar ƙarfin maimaici, ku saurari Hausar da muke yi. Duk garin sabulun wanki omo ne a bakinmu, ko wane kamfani ya yi shi. Duk man goge haƙori makilin ne. Duk dunƙulen miya magi ne, duk taliyar leda indomi ce, man shafawa basilin, na mura mantaleta. Waɗannan duka sunayen kayan kamfanoni ne, waɗanda rediyo da talabijin da allunan bakin hanya suka yi ta nanatawa har suka zama kalmomin Hausa. Kamfanin da ya kai nan ya gama cin kasuwa, domin yaron da aka aika kanti yana yi masa talla kyauta.

Na uku shi ne fuska da harshen da aka sani. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya sa ke nan kamfanonin waya da na abinci ke neman taurarin fina-finan Hausa irin su Ali Nuhu, domin mai kallo ya daɗe da sakin jiki da su, sai amincin da ya ba fuskar ya zarce kan kayan. Misali mafi bayyana ya faru a 2013, lokacin da aka ba masu waya damar sauya kamfani ba tare da sun rasa lambarsu ba. Ɗan wasan barkwancin nan Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, an saba ganinsa yana tallan Etisalat. Kwatsam sai ga shi a tallan MTN, ya fito da koren kaya, ya rikiɗe zuwa ruwan ɗorawa yana rawa. Ba a yi dogon bayani ba, ba a ambaci sunan abokin hamayya ba, amma ƙasa duka ta gane. Gani ya kori ji.

Harshe ma fuska ne. Sau nawa muka ga tallan da aka shirya a Ikko da Turanci, aka juya shi Hausa kalma bayan kalma, aka ɗora murya a kan leɓen da ke faɗin wani abu dabam? Sau nawa muka ga an rubuta Hausa a allon talabijin ba ƙugiya, har ɓari ya koma bari, ƙafa ta koma kafa? Irin wannan talla shi ma yana zaunawa a zuciya, amma a matsayin abin dariya, kuma yana gaya wa Bahaushe cewa kuɗinsa ake so, ba a damu da mutuncin harshensa ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne labari mai taɓa buri ko tsoro. Gwanin talla ba ya tsayawa lissafa sinadaran da ke cikin gwangwani. Yakan nuna uwa da ɗanta, ko amarya da dangin miji sun zo cin abinci, ko saurayin da ake yi wa kallon raini har ranar da ya shigo da sabuwar mota. Waɗanda suka ga tallan madarar Peak na yaron da ke buga ƙwallo a ƙauye, ya girma ya zama Nwankwo Kanu, ba madara suke tunawa ba, burin kowace uwa suke tunawa na ɗanta ya zama wani abu. An ɗauki wannan buri an ɗaura shi a wuyan gwangwani.

A nan ne kuma abin yakan kuɓuce wa mai shi, domin zuciya ita ke zaɓen abin da za ta riƙe. A 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin marigayi Janar Muhammadu Buhari, an riƙa nuna wani gajeren saƙo a NTA. Wani matashi mai suna Andrew ya ɗauko jakarsa zai bar ƙasa, yana ƙorafin ba ruwa, ba wuta, ba hanya mai kyau, sai aka tare shi ana ba shi haƙuri ya tsaya a gyara ƙasa tare. Manufa ita ce a riƙe nasihar. Amma abin da jama'a suka riƙe shi ne ƙorafin, domin shi ne ya yi daidai da abin da suke gani a gidajensu. Sunan Andrew ya zama laƙabin duk mai shirin tsallakewa waje, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, Enebeli Elebuwa, da sunan aka riƙa kiransa har ya rasu a 2012. Mu da ba a haife mu ba a lokacin, mun ji labarin a bakin iyayenmu. Haka kuma wani tallan MTN na shekarun farko na wayar salula, inda mutum ya buga wa mahaifiyarsa waya a ƙauye ya ce an sami ɗa namiji, gari ya kaure da murna. Ya zauna a zukata ƙwarai, amma ya jawo ƙorafin masu cewa ya fifita haihuwar namiji a kan ta mace.

Yanzu ku lura da abu ɗaya. A cikin abubuwan nan huɗu, kiɗa da maimaici da fuska da labari, babu ko ɗaya da ya dogara ga ingancin kayan. Da maganin gaske da na jabu, hanya ɗaya suke bi su shiga kai. Ƙwaƙwalwa rumbu ce, ba rariya ba ce. Abin da aka fi zuba mata shi take ajiyewa.

Tarihin taba ya ishe mu darasi. Tun daga 1954 kamfanin Marlboro ya riƙa nuna wani ƙaƙƙarfan makiyayi bisa doki, taba a baki, har matasan duniya suka ɗauka busa hayaƙi alamar mazakuta ce. Masu sana'ar talla suna lissafa shi cikin mafi nasara da aka taɓa yi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a tallan, Wayne McLaren, ciwon dajin huhu ne ya kashe shi a 1992, bayan ya ƙare kwanakinsa yana jan kunnen mutane game da taba. Ingila ta hana tallan sigari a talabijin a 1965, Amurka a 1971, Nijeriya kuma ta kafa cikakkiyar dokar taƙaita taba a 2015. Kafin nan an riga an yi ɓarnar da ba ta lissaftuwa.

Kada mu ɗauka abin ya wuce. Muna jin masu maganin da ke cewa kwalba guda tana warkar da basir da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa, wani lokaci da kalmomin batsa da mutum ba zai iya sauraro gaban surukinsa ba. Batsar ba kuskure ba ce, da gangan ake yi, domin an san abin kunya ba ya mantuwa. Mai hawan jinin da ya yarda ya ajiye maganin asibiti, shi zai biya kuɗin wannan talla da lafiyarsa. Muna ganin tallan man shafawa da ke nuna yarinya cikin baƙin ciki har sai fatarta ta yi haske, sa'an nan masoya su yi layi. Wasu daga cikin mayukan bilicin suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, har hukumar NAFDAC ta ayyana abin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa a 2023. Mu samari kuma namu tarkon yana gidan kallon ƙwallo, inda sunayen kamfanonin caca ke yawo a gefen fili da jikin 'yan wasa minti casa'in cur. Kullum wanda ya ci ake nunawa. Dubban da suka rasa kuɗin makaranta ba su da hoto. A Ingila kanta, a 2023, manyan kulob-kulob sun amince su cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin rigunansu bayan kakar wasa ta 2025 zuwa 2026. In masu abin sun fara jin nauyi, mu 'yan kallo me muke jira?

Akwai doka, ba a ce babu ba. An kafa hukumar kula da sana'ar talla a 1988, aka sake mata fasali a 2022 da sunan ARCON, kuma ƙa'ida ita ce a tace talla kafin a watsa shi. Tallan magani kuma sai da amincewar NAFDAC. Amma hukuma tana iya tsare ƙofar gidan talabijin, ba ta iya tsare kowace waya da kowace mota mai lasifika a bakin kasuwa. Saboda haka tacewa ta ƙarshe tana hannun mai kallo.

Ba ina cewa talla duka sharri ba ne. Da kuɗinsa gidajen talabijin ke biyan ma'aikata su shirya mana labarai da wasanni. Da makamansa aka kira iyaye su kai 'ya'yansu rigakafi, su kwana cikin gidan sauro, su haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro ya kamu da gudawa. Wuƙar da mahauci ke sana'a da ita, ita ɗan ta'adda ke ɗauka.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko ga dukanmu. Duk lokacin da talla ya burge mu, mu tuɓe masa riga: mu cire kiɗan, mu cire fuskar tauraron, mu cire labarin, mu ga abin da ya rage. In abin da ya rage magana ce da za a iya aunawa, kamar farashi ko nauyi ko lambar rajista, to a auna. In ba abin da ya rage, romon baka aka sayar mana. Mu koya wa ƙannenmu wannan dabara tun suna ƙanana, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma su ne ba su rarrabe wasa da talla ba tukuna.

Na biyu ga 'yan'uwanmu masu karatun aikin jarida da Hausa da kasuwanci, waɗanda gobe su ne za su rubuta waɗannan tallace-tallace. Ku rubuta su da Hausar da aka yi tunaninta da Hausa, da ƙugiyoyinta cif. Ku tuna kuma a al'adar kasuwancinmu da shari'armu, ɓoye aibin kaya algus ne, ko da baki aka yi shi ko da hoto. Kafin ku ɗora muryarku a kan wani kaya, ku tambayi kanku ko za ku iya ɗaukarsa a ka ku shiga da shi lungun da aka san gidanku. In ba za ku iya ba, kada ku aika shi gidajen mutane ta akwati.

Mai girma Shugaba, nan zan dakata don in bar fili ga masu tambaya da masu gyara.  Allah ya ba mu ilmi mai amfani.